Abin da na koya daga saka talla a shafin farashin amfanin gona

Shafina na farashi ne kawai, ba na labarai ba. Ranar Alhamis in rubuta yadda shanu da raguna suka kwana a Maigatari, ranar Lahadi in kawo kuɗin buhun gero da wake a Gujungu, da kaka ta kama kuwa riɗi da zoɓo ne ke cinye filin gaba ɗaya. Aikina na asali koyar da darasin noma ne a wata sakandare a yankin Gumel, kuma saboda tsofaffin ɗalibaina da ke damuna da kira suna tambayar farashi na buɗe shafin. Maganar samun kuɗi daga baya ta shigo, da wani abokin aiki ya ce min ai Google na biyan duk mai shafin da ya ba shi fili ya saka talla.

Gaskiya ya faɗa, amma bai ƙarasa ta ba. Sunan tsarin AdSense, kuma tun 2003 yake aiki. Na'ura ce ke karanta abin da ka rubuta, ta duba ƙasar da mai karatu yake da irin abubuwan da ya saba nema, sannan a yi gwanjon filin tsakanin masu talla kafin shafin ya gama buɗewa a wayarsa. Wanda ya fi tayawa shi ne tallansa zai fito. Google ya cire la'adarsa, mai shafi ya tashi da kusan kashi 68 cikin 100. A da galibi sai an danna tallan ake biya, amma daga farkon 2024 suka koma lissafi da yawan fitowar talla a idon masu karatu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ya san dillali ba ya ƙirƙirar farashi daga bakinsa. In manyan masu saye ba su shigo ba, ko sa ya kai girman me, a yadda aka taya za a sallama.

Katangar farko da na ci karo da ita harshe ne. Lokacin da na nema, babu Hausa a jerin harsunan da tsarin ke karɓa. Akwai Turanci da Larabci da Faransanci, har da Urdu da Hindi, kuma ƙa'idarsu ta hana saka talla a shafin da akasarin rubutunsa da harshen da ba ya cikin jerin ne. Na san dabarar da wasu ke yi: a cika shafi da Turanci har a samu amincewa, sannan a juya Hausa a hankali. Wasu sun daɗe suna sha, wasu an wayi gari an tsayar musu. Ni dai raba shafin na yi gida biyu, ɓangaren Turanci da talla, ɓangaren Hausa babu.

Nan ne abin ya ba ni haushi, kuma nan ne na fi ƙaruwa. Mutanen da na buɗe shafin dominsu, waɗanda suka fi yawa nesa ba kusa ba, ba su kawo ko sisi. Kuɗin duka daga 'yan tsirarun da ke karanta Turancin yake fitowa, kuma su ma ba ɗaya ba ne. Zoɓon Jigawa Meziko ake kai mafi yawansa, riɗi kuma ya nufi ƙasashe irin su Japan da Turkiyya da Sin. Idan wani a can ya shigo neman farashin zoɓo, masu tallan jigilar kaya ta ruwa da injinan tace hatsi da inshora ne ke rige-rige a kansa, sai ka ga shi kaɗai ya kawo abin da tarin masu karatu na gida ba su kawo ba. Mai karatun gida kuwa da ragowar data yake shigowa, sau da yawa ta Opera Mini mai toshe talla, ya duba lambar da yake nema ya fice. Ba raini ba ne daga na'ura. Masu tallan da ke cikin gwanjon ne ba su da abin sayar wa manomin Gagarawa.

Shekarar ma tana da tudu da gangare. Daga Nuwamba zuwa Disamba kamfanoni kan zuba kuɗi a talla saboda cinikin ƙarshen shekara, kuma aka yi dace lokacin ne zoɓo ke shigowa kasuwa. Janairu na kamawa sai abin ya zube, ko da masu karatu ba su ragu ba.

Karɓar kuɗin kansa wani aiki ne. Idan abin da ka tara ya kai dala 10, sukan aiko da lambar sirri a takarda ta gidan waya don tabbatar da adireshi. Mu da gidajenmu ba su da lamba, sai kwatance da tsamiyar bakin masallaci, dole na ari akwatin gidan waya na wani ɗan'uwana a Kano. Ba a biya sai kuɗi ya kai dala 100, sannan a turo banki tsakanin 21 da 26 ga wata, shi ya sa na buɗe asusun dala. Ga lissafi mai sauƙi ga duk mai zumuɗi: a ce ana ba ka dala 1 a kan kowane buɗe shafi 1,000, to sai an buɗe sau 100,000 kafin ka ga biyan farko. Da aka saki darajar naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,000 cikin 'yan watanni, sai ɗan abin da ke shigowa ya yi kauri. Amma kuɗin hayar wurin ajiye shafin ma da dala nake biya, don haka murnar ba ta yi tsawo ba.

Sai masu son taimako. Wata rana bayan an tashi, wasu 'yan aji uku suka tare ni, babbansu ya ce, "Malam, mun ji in an danna ana ba ka kuɗi. Mu riƙa danna maka kullum?" Na ce, "Don Allah ku rufa min asiri, kada wanda ya taɓa." Dariya suka yi, sun ɗauka kunya ce. Danna na ƙarya shi ne hanya mafi sauri ta rasa asusu. Ana gane shi, a zaftare kuɗin, a taƙaita talla, ko a rufe gaba ɗaya. Na san wani yaro da ya shiga zauren WhatsApp na "danna min in danna maka", ya tara har ya fara taya babur, ranar biya ya tarar da ƙofa a garƙame. Gani ga wane ya ishi wane.

Abin da ba a faɗa wa sabon shiga shi ne sai ya zauna ya tsefe irin tallan da zai bari. Akwai wurin toshe rukuni-rukuni, kamar na neman soyayya da na samun arziki dare ɗaya, akwai kuma wurin duba talla ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ka toshe, ka rage masu taya, kuɗi ya ragu. Amma a ƙauye babu wanda zai tsaya ya raba tsakanin abin da ka rubuta da abin da na'ura ta ɗora a ƙasansa. Wani dattijo da ɗansa ya nuna masa ɓangaren Turancin shafin ya tsayar da ni bayan La'asar, ya ce, "Malam, yanzu har bashi da ruwa kake tallatawa?" Bayanin gwanjo ba zai shige shi ba, kuma ni ma na ga yana da gaskiya: sunana ne a sama.

Kuɗin da ya fi tsayawa a hannuna daga ɓangaren Hausar nan da na cire wa rai ya fito. Gab da damina wani mai shagon taki da iri ya aiko a kira ni. Ya jawo min benci tsakanin buhunan yuriya, ya ciro wayarsa mai tsagaggen gilashi, ya nuna min farashin geron da na saka, ya ɗora yatsa a ƙasansa. "Nan nake so ka sa sunan shagona da lambata, Malam. Duk wanda ya duba kuɗin gero a watan nan, gona ce a ransa." Bai taɓa jin labarin AdSense ba, amma aikin da na'urar ke yi ya kwatanta min, kuma a kan mutanenmu ya fi ta sani. Rabi ya biya da kuɗi, rabi da buhun taki.

Daga nan na riƙa bin kalandar gona. Da damina taki da iri da maganin feshi. Da kaka masu tamfal, masu motar ɗaukar kaya zuwa Dawanau, da masu buhun PICS mai leda biyu a ciki da ke hana wake ƙwari ba tare da magani ba. Kafin Babbar Sallah masu dusa da harawa. Ina rubuta "talla" a saman kowanne, kuma maganin feshin da ban ga lambar NAFDAC a jikinsa ba ba ya hawa shafina ko nawa za a biya.

Wannan hanyar tana da nata tarkon da na Google ba shi da shi, domin mai tallan ya san gidanka. Wani mai sayen riɗi da ke biyana duk wata ya kira ni daren kasuwa, bayan doguwar gaisuwa ya ce in ɗan sassauta farashin da zan rubuta, yaransa za su shiga ƙauyuka washegari. Na ce masa manoman da zai saya a hannunsu su ne ke kawo min farashin, kuma in suka kama ni sau ɗaya sun daina. Na saka yadda aka sayar. Da watan ya ƙare bai sabunta ba, wani mai injin casar shinkafa daga Haɗeja ya karɓi filin a kan kuɗin da bai kai nasa ba.