Tsatsa da karyayyen noti a shasin tsohuwar Land Rover

Tsohuwar Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, tana yaudarar mai saye, domin jikinta na alminiyum ne da ba ya tsatsa, alhali shasin da ke ɗauke da shi ƙarfe ne mai rami a ciki, inda laka da ruwa ke kwanciya suna cinsa daga ciki zuwa waje. Shi ya sa nake fara bubbuga gindin shasin na baya da guduma, tun da sautin ruɓaɓɓen ƙarfe ba ya ɓuya.

Idan kan noti ya karye ya bar gindinsa a rami, ban cika son huda shi ba, saboda abin hudawar yakan kauce ya lalata zaren ramin, wato layukan da noti ke bi idan ana ɗaure shi. Na fi son a ɗora wani noti mai rami a tsakiya a kan guntun, a haɗa su da walda. Zafin yana saki tsatsar da ta riƙe shi, sannan a juya da sufana a hankali, gaba da baya.

Wurin da ya ruɓe kuwa, fenti ba ya ceton sa. Sai an yanke har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, a liƙa sabo mai kauri ɗaya, a fesa mai a cikin ramin.