Dankalin Kawu da takardar da aka sa wa hannu a Yamai

Jiya da yamma na leƙa kasuwar Farin Gada da ke Jos wajen Kawu, na tarar da shi zaune kan buhu yana ta lissafi da biro a bayan kwalin magi, rediyo kuma na gefe ana ta bayani kan AfCFTA, wato yarjejeniyar cinikayya ba haraji tsakanin ƙasashen Afirka. Ya ɗago ya ce min, "Kai ɗan boko, wai wannan abin da suke ta faɗa, zai sa dankalina ya isa Maraɗi kafin ya ruɓe?" Wallahi sai na yi dariya kawai, amma tambayar ta bi ni har gida.

A takarda dai abin ba laifi. An fara sa hannu a Kigali a watan Maris na 2018, ƙasashe 44, Najeriya ta noƙe, Buhari ya ce sai ya ji ta bakin masu masana'antu da ƙungiyar ƙwadago. Sai a watan Yulin 2019 ya je Yamai ya sa hannu. Hedkwatar tana Accra, an ce ciniki ya fara 1 ga Janairun 2021, kuma manufar ita ce a janye haraji kan kashi 90 na kayan da muke sayar wa juna a hankali a hankali.

To ga inda abin yake ban haushi. An sa hannu a Yuli, a watan Agusta na 2019 ɗin dai aka garƙame bodojin ƙasa. Wata ɗaya fa tsakani! Lokacin Kawu yana da wani kwastoma Bamaraɗe da ke ɗaukar dankalin turawa na Bokkos da Mangu, a loda a nan Jos a bi ta Kano da Katsina a fita ta Jibiya, mutumin kirki ne ko bashi ya ɗauka baya wuce sati biyu, to rana ɗaya hanya ta toshe, kaya na kan mota, kuma kowa ya san dankali ba shinkafa ba ne da za ka ajiye ka jira. Na tuna warin da ya cika rumfar a satin, da yaran da ke zaune suna tsince masu ɗan dama-dama ana sayarwa da asara. A Disambar 2020 aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum, Jibiya kuwa sai 2022. Kafin mutane su gama farfaɗowa sojoji suka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka sake rufewa.

Ni ban ce gwamnati ba ta da hujja ba ko kaɗan. Shinkafar Tailan da Indiya ake saukewa a tashar Kwatano, a shigo da ita ta ɓarauniyar hanya, manomin Kebbi kuma ya rasa kasuwa. Kuma duk wanda ya san Kakuri a Kaduna lokacin da masaƙu ke aiki, ya ga yadda atamfar waje mai araha da rashin wuta suka haɗu suka kashe su, ba zai ji kalmar buɗe kasuwa ya yi tafi ba. Shi ya sa ma ake ta rigima kan ƙa'idar asalin kaya, kar wani ya sayo abu daga Sin ya canza masa kwali a maƙwabta ya ce ɗan Afirka ne. Wannan tsoron gaskiya ne. Amma rufe boda bai hana shinkafar shigowa ba, ƙara mata kuɗi kawai ya yi, masu fasa ƙwauri da babura suka samu kakarsu ta yanke saƙa, mai dankali da mai tumatir da ke bin hanyar Allah su suka kwana ciki.

Abin da masu taro a manyan otal na Abuja ba sa ambata shi ne, tun 1979 ECOWAS ke da tsarin da ya ce amfanin gona ya wuce tsakanin ƙasashenta ba haraji. Dankalin Kawu ba ya jiran AfCFTA a doka. Harajin da yake biya na kan titi ne, shinge bayan shinge, wannan ya ce kuɗin lodi, wancan ya ce takarda ba ta cika ba, wani ma ko kaki bai saka ba sai sanda da igiya. Direba ya san nawa zai ware a aljihun gaba tun kafin ya tada mota. Yanzu kuma Nijar ɗin ma ta fice daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso tun Janairun 2025.

Da safe na koma na yi wa Kawu duk wannan bayanin, ya saurara har ƙarshe yana ɗaure bakin buhu. Sai ya ce, "To madalla, ɗana. Riƙe min nan in ƙulle, motar Kano ƙarfe goma za ta tashi."