Ranar da 'Yata Ta Tambaye Ni Labarin Baba Kirsimeti

A watan Disamban bara 'yata mai shekara 7 ta dawo daga makaranta a nan Birmingham, tun ba ta cire takalma ba ta ce, "Umma, wai da gaske akwai Baba Kirsimeti, ko iyaye ne suke sayen kayan?" Baba Kirsimeti shi ne tsohon da ake ce wa yara yana zagaya gidaje a keken da bareyi suke ja, yana ajiye musu kyauta a daren Kirsimeti. Tun da ba ma bikin Kirsimeti a gidanmu, amsar ba ta ba ni wahala ba, na ce mata iyaye ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda za ta kai wannan amsa washegari, a ajin da yawancin yaransa sun riga sun rubuta wa tsohon wasiƙa.

Sai mutum ya zauna a ƙasashen nan zai ga yadda manya suke haɗa baki a kan wannan labari. Gidan waya na Ingila yana karɓar wasiƙun yara yana mayar musu da amsa, a Kanada an ware wa tsohon lambar adireshi tasa, H0H 0H0, sojojin Amurka kuwa tun 1955 suke sanar da yara inda tafiyarsa ta kai a daren 24 ga Disamba. A cikin gida yaro zai ajiye masa madara da ɗan kek, ya ajiye wa barewarsa karas, gari na wayewa ya tarar an gutsiri karas ɗin. Labarin ma yana da tushe, domin a ƙarni na 4 an yi wani babban limamin Kirista mai suna Nikolas a garin Mira, cikin Turkiyya ta yau, wanda ya shahara da yin kyauta a ɓoye.

Maƙwabciyata Baturiya ce ta nuna mini yadda ake kwance wannan ƙulli ba tare da an tsinka zare ba. Ɗanta mai shekara 8 ya lura cewa rubutun da ke jikin kyautarsa iri ɗaya ne da na takardar cefanen da take liƙawa a jikin firiji, ga shi kuma gidansu ba shi da bututun hayaƙin da ake cewa ta nan tsohon yake saukowa. Da ya tare ta da maganar, ba ta musa ba, ba ta kuma yi gaggawar amsa laifi ba, sai ta tambaye shi yadda shi yake ganin abin. Yaron ya jero hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya kamar lauya a gaban alƙali. Sai da ya gama ta gaskata shi, ta yaba masa, sannan ta ba shi amanar rufa wa ƙanwarsa mai shekara 4 wannan asiri. A waccan shekara shi ne ya gutsiri karas ɗin. Ta faɗa mini tana dariya cewa ita ce ta yi hawaye, yaron ko a jikinsa, kuma haka masu nazarin halayyar yara a Amurka suka gano: galibi yara kan farga da kansu wajen shekara 7 zuwa 8, baƙin cikin kuma ya fi kama iyaye.

Ba kowa ne yake bin wannan hanya ba. Akwai iyayen da suke kafewa, har su yi barazanar cewa wanda ya daina yarda ba zai sami kyauta ba. A ganina nan ne wasa yake rikiɗewa ya zama ƙarya, domin yaron da ya yi tambaya da gaske, da hujjarsa a hannu, aka ƙaryata shi, an koya masa ne ya yi shakkar hankalinsa.

Da farko na so in yi tinƙaho cewa mu ba mu san wannan matsala ba. Goron sallah daga hannun da aka sani yake fitowa, a durƙusa a yi godiya, tatsuniya kuwa tana da ƙofar shiga da ta fita, daga "ga ta nan, ga ta nanku" zuwa "ƙurunƙus", don haka yaro ya san inda wasa ya ƙare. Sai na tuna dodon da aka riƙa tsorata mu da shi, da yadda na yi kwanaki ina rufe baki don kada ƙadangare ya ga giɓina haƙorin ya ƙi fitowa. Namu tsoro yake kawowa, nasu kuwa ko ba komai alewa yake kawowa.

Na zaunar da 'yata na ce mata abin da ta sani gaskiya ne, amma ba ita ce za ta faɗa wa 'yan ajinsu ba, wannan tsakaninsu ne da iyayensu. Ta yi shiru tana taɓa haƙorinta da ke girgiɗi da harshe, can ta ce ƙawarta ta sami fam 2 a ƙarƙashin matashi da nata ya fita, wai wata aljanar haƙori ce ta ajiye.

"Ita ma mamanta ce ko, Umma?"

Na ce mata ƙwarai kuwa.

"To, ni ki ba ni nawa a hannu."