Abin da na koya a ƙaramin asibiti

Da yawa daga cikin masu zuwa ƙaramin asibiti, abin da suka zo nema daban, abin da jikinsu ke buƙata daban. Wannan ne ya fara ba ni mamaki da na kama aiki a matsayin ma'aikaciyar lafiya. Mutum zai shigo ya riga ya yanke wa kansa hukunci, allura yake so, ko ƙarin ruwa, ko ƙwayoyi kala-kala, alhali duba shi da kyau da bayanin minti biyar sun wadatar. Wanda kuwa ya kamata a kawo da gudu tun jiya yana can kwance a gida, ana cewa bari a ga yadda jikin zai yi zuwa safe. Sai na fahimci cewa mafi yawan aikinmu magana ce: koya wa iyali bambance ciwon da za a iya jinya a gida da wanda ba ya jira.

A makaranta an karantar da mu sanarwar Alma-Ata ta 1978, inda wakilan ƙasashe 134 suka amince cewa kiwon lafiya matakin farko shi ne ginshiƙin lafiyar al'umma, har suka sa wa kansu burin lafiya ga kowa kafin shekara ta 2000. Mun haddace ne don jarrabawa. Shekarar ta zo ta wuce, burin bai cika ba, amma tunanin da ke ƙarƙashinsa yana nan daram. Uwa ce ke fara ganin ciwon yaro, ita ce ke yanke shawarar farko, sau da yawa da tsakar dare, babu likita babu nas. Abin da ta sani a wannan lokacin yakan fi duk kayan aikin da ke asibitinmu tasiri.

Gudawa ce ta fi nuna mini haka. Har yanzu tana kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 400,000 duk shekara a duniya, kuma abin da ke kashe yaron shi ne ƙarewar ruwa da gishirin jikinsa. Maganin kuwa ba ya buƙatar allura. Hanjin ɗan Adam yana da wata hanya da yake tsotsar gishiri tare da sukari, ruwa kuma ya bi su, kuma wannan hanyar tana ci gaba da aiki ko da kwalara ce ta kama mutum. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangladesh, wani likitan yara ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya tsinci kansa a sansanin 'yan gudun hijira, kwalara ta ɓarke, ruwan da ake sa wa ta jijiya ya ƙare. Sai ya sa aka riƙa haɗa ruwan gishiri da sukari a manyan mazubai, dangin marasa lafiya suna ɗiba suna shayar da nasu. Mace-macen da suka kai kusan kashi 30 cikin ɗari suka sauko ƙasa da kashi 4. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne waɗanda suka yi aikin: iyaye da 'yan uwa ne, da kofi a hannu.

Amma fa sauƙin abin shi ne haɗarinsa. Ƙullin garin gishiri da sukari da muke bayarwa, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta ake zuba shi duka. Na sha ganin an juye shi a ƙaramin kofi, wai don ya fi ƙarfi, gishirin ya yi yawa ya ƙara wa yaron wahala. In babu ƙullin, ana iya haɗawa a gida: lita ɗaya ta ruwa, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kaɗan-kaɗan ake ba yaro, in ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba a hankali. Ana haɗa masa da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya a kwana na uku, domin tana rage tsawon ciwon, tana kuma rage dawowarsa a watannin da ke biye. Ba a dakatar da nono, ba a hana abinci. In idanu sun faɗa, maɗiga ta lotsa, fitsari ya ɗauke, ko an ga jini a bayan gida, to jinyar gida ta ƙare, sai asibiti.

A kan wannan ne babbar nas ɗinmu ta koya mini abin da babu littafin da ya koya mini. Ba ta taɓa tambayar uwa "Kin gane?" ba, domin ta ce babu macen da za ta amsa da a'a a gaban mutane. Sai dai ta miƙa mata ƙullin ta ce, "Maman yaro, in kin koma gida yaya za ki haɗa? Faɗa mini in ji ko na yi bayanin daidai." Ta ɗora laifin rashin fahimta a kanta tun kafin ya faru, don haka uwar ba ta jin kunyar yin kuskure. A nan ake gane wadda ta ji cokali 6 na gishiri maimakon sukari. Tun daga nan ban sake sallamar kowa ba sai ya maimaita mini abin da zai yi.

Tari da mura su ne suka fi cika mana benci, kuma yawancinsu suna wucewa da kansu. Abin da nake so kowane gida ya iya shi ne ƙirga numfashin yaro. A bari ya natsu, a ɗaga rigarsa, a duba agogo na minti ɗaya cur. Jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara 1, 50 ne iyaka. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. In ƙasan ƙirji yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, alamar ciwon huhu ce mai tsanani. Akwai kuma alamomi huɗu da ba a kwana da su a gida ko me ya jawo su: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi jijjiga, ko ya yi laushi har ana tashinsa da ƙyar.

Zazzaɓi kuwa, hannu a goshi yana yaudara, ma'aunin zafin jiki ya fi gaskiya, kuma daga digiri 38 ake kiransa zazzaɓi. Jaririn da bai kai wata 3 ba in ya kai haka, a kawo shi ranar, ko da yana wasa. Farasitamol da nauyin yaro ake auna shi, shi ya sa muke ɗora shi a sikeli kafin mu rubuta, kuma ba a wuce sau 4 a yini da dare. Wani abin da ake yawan mantawa: magungunan mura da yawa akwai farasitamol a cikinsu, in an haɗa da na zazzaɓi an ninka wa hanta kaya ba a sani ba. Asfirin ba na yara ba ne. A inda ake fama da cizon sauro, a yi gwajin jini kafin a sha maganin maleriya, domin ba kowane zafin jiki ne ita ba.

Hirar da ta fi wuya ita ce ta antibayotik. Mura bairos ke kawo ta, shi kuwa wannan magani bakteriya yake kashewa, don haka ba ya taɓa ta. Amma ka gwada faɗa wa uban da ya bar aikinsa ya yi dogon layi cewa ɗansa ruwa da hutu kawai yake buƙata. Kallon da zai yi maka na wanda aka raina ne. Ma'aikacin da ya gaji yakan rubuta kawai a rabu lafiya, kuma na fahimci dalilinsa ko da ban yarda da shi ba. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi gargaɗi tun 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda cututtukan da magani ya daina ci. A idona, ma'aikacin da ya tsaya ya yi bayani ya hana ka maganin da ba ka buƙata ya fi wanda ya cika maka leda ƙaunarka, sai dai shi ne ba a gode wa.

Manya kuma matsalarsu ɗaya ce, ba sa zuwa sai abu ya ci tura. Hawan jini ba ya ciwo, kusan rabin masu shi a duniya ba su san suna da shi ba. Awo ne kawai ke nuna shi, 140 bisa 90 ko fiye a ranaku daban-daban. Wanda aka ɗora a kan magani yakan daina da zarar ya ji garau, alhali maganin ne ya sa ya ji garau ɗin. "Baba, ina sauran ƙwayoyin?" "Ai na warke, 'yata." Nakan ji wannan amsar, gabana ya faɗi. A rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya ke nan har da wanda ke cikin abinci. In baki ya karkace, hannu ya yi sanyi ya kasa ɗaguwa, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, a nufi babban asibiti nan take.

Duk wannan bayani ba ya amfani in majinyaci ya ɓoye abin da ya riga ya sha. Kuma a nan dole in faɗi gaskiya a kan ɓangarenmu: mutane suna ɓoyewa ne saboda an taɓa yi musu tsawa. Uwar da aka kunyata a gaban jama'a don ta makara, gobe za ta ƙara makara, ko ta ƙi zuwa sam. Akwai masu kaushin harshe a cikinmu, kuma gajiya ba hujja ba ce. Abin da nake roƙon iyalai shi ne su zo da kwalin duk abin da aka sha, da katin rigakafin yaro, su kuma faɗi ranar da ciwon ya fara ba tare da ragi ba. Abin da nake roƙon abokan aikina shi ne su karɓi amsar ba tare da ɗaure fuska ba.

Da na daɗe a wurin sai na lura cewa godiya tana tafiya ne wajen wanda aka ga hannunsa, wanda ya yi ɗinki ko ya karɓi haihuwa. Sun cancanta. Amma akwai wanda ke duba firijin rigakafi safe da yamma ya rubuta, domin yawancin alluran dole su zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8, wasu ma in sun daskare sun lalace ba tare da kamanninsu sun canja ba. In wuta ta ɗauke da dare, shi ne ke tasowa ya kwashe su zuwa akwatin sanyi. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin faɗaɗa rigakafi a 1974, an ƙiyasta cewa ya ceci rayuka miliyan 154 cikin shekara 50, mafi yawansu jarirai. Babu ɗaya daga cikinsu da ya san an cece shi. Yaron da bai yi ƙyanda ba ba shi da labarin da zai bayar, iyayensa kuma abin da suke tunawa shi ne kukan da ya kwana yana yi bayan allurar.

Haka mai shara, wadda ke goge amai da jini kafin kowa ya iso, ta kwashe allurai zuwa akwatinsu ba tare da ta soke kanta ba. Rabin hana yaɗuwar cuta a asibiti a hannunta yake, amma da wuya ka ji majinyaci ya ce mata sannu da aiki. Haka mai ba da kati, wanda shi ke shan zagin layi alhali ba shi ya jawo jinkirin ba, kuma sau da yawa shi ne ke hango yaron da ya yi laushi a bayan layi ya kira nas. Wanda aka tsallake yakan fusata, ya ɗauka sanayya ce. A asibiti tsananin ciwo ne ke ba da layi, kuma duk wanda ake barin ya jira, yawanci alama ce mai kyau a gare shi. Haka ma'aikacin ɗakin gwaji da ke cewa a sake ɗibar jini don bai gamsu da na farko ba, ya san za a yi masa tsaki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen duniya za ta yi ƙarancin ma'aikatan lafiya aƙalla miliyan 10 nan da 2030, mafi yawa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Ta kuma ce tsakanin kashi 8 zuwa 38 cikin ɗari na ma'aikatan lafiya sukan fuskanci duka ko wani cin zarafi na jiki a tsawon aikinsu, ban da zagi da barazana. Ana bikin ranar ungozoma a 5 ga Mayu, ta nas-nas a 12 ga Mayu, a yi jawabai a ɗauki hotuna. Ba na raina wannan. Amma in za a tambaye ni, na fi son a kawo yaro da wuri, a bar nas ta gama magana kafin a katse ta, a ba ta uzuri in ta ce a jira tana wanke hannu tsakanin majinyaci da majinyaci.

Sai kuma dawowa. In mun ce a dawo bayan kwana biyu ko uku, muna so mu ga ko numfashin ya sauka, ko maganin ya karɓi yaron, ko mun yi kuskure a gano ciwon tun da sauran lokacin gyarawa. Ta nan ma'aikaci ke sanin ko shawararsa ta yi daidai, kuma ta nan yake ƙara ƙwarewa don majinyaci na gaba. A rajistarmu, wanda ya warke da wanda aka wuce da shi wani asibiti duk iri ɗaya suke, gurbin sakamako babu komai. Wasu iyayen suna dawowa, su leƙo su ce, "Sista, jiki ya yi kyau, ga shi har yana cin abinci," sai mu rubuta. Da yawa ba sa dawowa, mu kuma sai mu ɗauka sun warke ne.