Layi ɗaya da ban karanta ba

Har yanzu in na tuna sai raina ya sosu. Facin da na amince da shi, wato gyaran da aka turo wa manhajarmu, ba shi da aibu ko ɗaya a kod, rubutun umarnin da kwamfuta ke bi. Ɓarnar tana cikin takardar bayani, a layi ɗaya tak, kuma ni na sa hannu aka shigar da shi.

Mu ƙalilan ne muke kula da wata 'yar manhaja da ke taya masu laburare, wato tarin kod da wasu manhajoji ke aron ayyukansa, lissafa lambobi uku da libtool, kayan aikin gina laburare, ke buƙata kafin a fitar da sabuwar siga. Cikin watan azumi wani yaro ɗan Daura, mai ƙwazo ƙwarai, ya turo faci. Ya gyara yadda ake ɗauko lambar siga daga Git, ma'ajiyar tarihin kod, ya kuma ƙara misali a takardar bayani. Bayan tarawihi na zauna a ɗakina a Kofar Marusa, na bi kod ɗin layi-layi, na gwada, komai lafiya lau. Kafin in iso kan bayanin ido ya yi nauyi, ga tashin sahur a gaba. Na leƙa sama-sama, na ga Turancin ba tuntuɓe, na danna amincewa.

Misalin cewa ya yi: laburare yana kan 5:2:3, an cire wani aiki daga cikinsa, sai a koma 6:0:4. Ba haka ba ne. Ƙa'idar libtool a fili take. In an buɗe sabuwar ƙofa, wato an ƙara wani aiki da manhajoji za su iya kira, lambar ƙarshe, wadda suke kira age, ta hau da ɗaya. In kuwa an toshe ƙofa ko an sauya mata fasali, dole ta koma sifiri. Amsar 6:0:0 ce. A Linux, lambar da ke manne da sunan fayil ɗin laburare ana samunta ne in an cire ta ƙarshe daga ta farko. A cire 3 daga 5, saura 2. A cire 4 daga 6, 2 ɗin ce dai. Ke nan laburaren zai ci gaba da amsa sunan .so.2, yana gaya wa tsoffin manhajoji cewa duk ƙofofin da suka sani suna nan, alhali an toshe ɗaya. Da na ɗauki biro na minti guda, da na gani.

Bayan Sallah abokina ya kira ni. Shi ya rubuta wa wani kemis a wajen Kofar Kaura manhajar lissafin kaya. "Malam, ka duba mini, tun safe abin ya ƙi tashi, undefined symbol kawai yake rubutawa." Wato manhajar ta nemi wani aiki a laburare ba ta same shi ba. Yini biyu masu shagon suka koma littafi da biro, suna ɗaga wa abokina hankali, shi kuma bai san inda gizo ke saƙa ba.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne, da ya zo fitar da sabuwar sigar laburarensa, manhajarmu ta ba shi amsa daidai, 6:0:0. Da ya buɗe takardar bayani ya ga 6:0:4, sai ya ɗauka manhajar ce ta yi kuskure, ya goge ya rubuta da hannu. Ni na ɗauki bayani tamkar ado ne a kan kod. Ashe mai amfani bayanin yake gaskatawa, don shi yake karantawa. Wa zai tsaya bin kod ɗin wani?

Kuma kada a ɗauki waɗannan lambobi daidai da na SemVer, wani tsarin ba wa siga lamba da Tom Preston-Werner ya rubuta. Dukansu uku-uku ne, amma ma'anarsu ta sha bamban, a nan da yawa ke zamewa.

Yaron ya turo saƙo yana ta ba da haƙuri, "Yaya, ka yafe mini." Na ce masa ba shi ba ne. Koyo yake yi, don haka ne ma aka ajiye mai dubawa. Yanzu da bayanin nake farawa, tun ido bai gaji ba, kuma duk misalin da ke ɗauke da lamba sai na gina laburaren na ga sunan da ya fito. Da ya sake turo gyara mai misalai uku, na lissafa kowanne a takarda, na gina su duka, sai washegari da hantsi na amince.