Na bar shagon rinin ulu, ga abin da na fito da shi

Tunda kun dame ni da tambaya a inbox, eh gaskiya ne na bar wurin Hajiya mai shagon rini tun ƙarshen wata, kuma ba korata aka yi ba. Ba zan kama suna ba, masu zuwa ɗaukar zare a Bauchi Road a nan Jos sun san inda nake nufi.

Abu na farko da duk mai son wannan sana'a zai sa a kansa, ulu gashin tunkiya ne, ba auduga ba ne. Rinin shadda da ake yi da soda mai ƙuna (kostik) da farin garin sinadarin nan haidoros, wannan na auduga ne. Ulu ruwa mai tsami yake so, khal ko garin tsamin nan da ake kira sitirik, sai zafi a hankali har wajen digiri 80 zuwa 85, ba tafasa ba. Soda kuwa cinye shi take yi, ai shi ya sa ake zuba ta a bututun wanka idan gashi ya toshe shi.

Wannan maganar na faɗa wa Hajiya da bakina, lokacin da wata mata ta kawo ulu na gaske mai tsada ta ce a rina mata shuɗi za ta saƙa wa jikokinta suwaita kafin sanyin Disamba. Hajiya ta ce "ke yarinya tun ba a haife ki ba nake rini, a Kano na koya, zuba soda." Na ce Hajiya a yi haƙuri mu gwada a ɗan guntu tukuna, ta ce ba ta da lokacin gwaji. To an zuba. Ina tsaye a kan robar ina kallo zaren ya fara yauƙi kamar kuɓewa, da na ɗaga da sanda sai ya riƙa tsinkewa yana faɗawa cikin ruwan, ga wani wari. Da mai zaren ta zo, a gabana wallahi Hajiya ta ce sabuwar yarinya ce ba ta iya awo ba, kuma aka cire kuɗin daga albashina. Sauran 'yan shagon duk suna wurin, kowa ya sunkuyar da kai. Na yafe kuɗin amma maganar har yau tana min ciwo, don ni ce na yi gargaɗi.

Kuma ba ina raina Kano ba ne, marinar Ƙofar Mata ana cewa tun 1498 take, baba da toka da kanwa suke aiki da su, sun san abinsu. Abin da ta koya na shadda ne kawai, ta ƙi yarda akwai wani ilimin bayan nata.

Sauran darussan a gurguje. Yawancin abin da ake sayar mana a kasuwar Terminus da sunan ulu roba ne, kalar ulu ba ta kama shi ko kwana zai yi a tukunya. Ki yanki ɗan guntu ki sa ashana, in ya yi warin ƙonannen gashi ya zama toka mai murmushewa to na gaske ne, in ya narke ya dunƙule ya yi tauri ki mayar musu da abinsu. Ni yanzu suwaitar gwanjo nake nema a kasuwar Katako, in duba takardar wuya, in warware. Kada ki cire zare daga ruwan zafi ki tsoma a na sanyi, balle ruwan rijiyar Jos da safe lokacin hunturu, zai cukurkuɗe ya kama jikinsa ba mai warware shi, ki bar tukunyar ta huce da kanta, kuma ban da yawan juyawa. Ɗaurin zaren ya zama sako-sako, in ba haka ba za ki ga farin tabo a wurin ɗaurin. Ɓawon albasa da alimun yana ba da ruwan ɗorawa mai kyau. Zoɓo yaudara ne, ja a tukunya, bayan wanki ya koɗe. Tukunyar rini kada ta koma kicin.

Yanzu a bayan ɗakinmu nake yi da risho da tukunya ɗaya. Matar nan mai jikoki ta nemo lambata ta kawo wani zaren, na rina mata, ban ce mata komai a kan wancan ba, ita ma ba ta tambaya ba. Masu son hular sanyi ku yi magana da wuri, Nuwamba na shiga ba na karɓar sabon aiki.