Ranar da karen maƙwabciyarmu ya kasa numfashi

Asabar da dare, Leeds.

Sha ɗaya ta wuce, yara sun yi barci, ni kuwa idona biyu. Har yanzu ƙarar numfashin karen nan ba ta bar kunnena ba, shi ya sa na ce bari in rubuta ko zuciyata ta lafa.

Wata uku ke nan Auta tana bina da maganar kare. Ba kowane kare ba, irin na maƙwabciyarmu take so, wato buldog ɗin Ingila, gajeren nan mai faɗin ƙirji, wanda fuskarsa take kamar an danna ta ciki. Maƙwabciyar tamu dattijuwar Baturiya ce, mijinta ya rasu, karen ne abokin zamanta. Yarana Anti suke ce mata. Kuma tsakani da Allah, shekara biyu muna katanga ɗaya ban taɓa jin karen nan ya yi wa yaro gurnani ba. Auta ta ja masa kunne, ta jingina da shi, ta ɗora masa hularta, iyakarsa ya dube ta ya lumshe ido.

Abbansu tun farko ya faɗi matsayinsa. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai jikin kare mai rai ba najasa ba ne, don haka bai hana su shafa shi ba, su dawo su wanke hannu. Amma ajiye kare a ɗaki ba don farauta ko kiwo ko gadi ba, ya ce ba da shi ba. Auta mai shekara shida ta samo mafita da kanta: a yi masa ɗan ɗaki a lambu, ya zama mai gadi. Na rasa amsar da zan ba ta, don ba na son ce wa yaro "a'a" ba tare da dalili ba. Yau na samu dalilin, ta hanyar da ban so ba.

Tun hantsi rana ta buɗe, ma'aunin zafi ya doshi 30. Ga wadda ta girma a Kano wannan ba komai ba ne, har shanya na yi ina murna. Wajen ƙarfe biyu yaran suka tsallaka lambun Anti, suna jefa ƙwallo karen yana bi. Ba su kai minti goma sha biyar ba sai ga yayan Auta a guje.

"Umma, ki zo, karen Anti ya faɗi!"

Na tarar da shi kwance ta gefe ɗaya, kumfa a baki, harshensa ya fara komawa shuɗi, ƙirjinsa yana ɗagawa da ƙyar. Shekarata goma sha biyu ina aikin jinya. In majiyyaci ya yi irin wannan ƙarar a sashenmu, ƙararrawar gaggawa ake dannawa, domin alama ce hanyar iska ta toshe. Anti ta tsaya tana rawar jiki, ta ɗauko tawul za ta lulluɓe shi. Na hana ta, tawul riƙe zafi yake yi. Na jawo tiyo na dinga kwarara masa ruwan famfo a ciki da wuya da cinyoyi, yaron ya kawo fanka, sai da haƙinsa ya ɗan sassauta sannan muka ciccibe shi zuwa mota. Ba ƙaramin nauyi ba ne, namijinsu yana kai kilo 25.

A asibitin dabbobi aka auna shi, zafin jikinsa ya haura 41, alhali na lafiyayyen kare tsakanin 38 ne da 39. Suka sa masa iskar oksijin, suka ɗaura masa ruwa. Muna zaman jira likitar ta fito, da ta ji aikina sai ta yi min bayani ba ɓoye-ɓoye. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi. Shi buldog an gajarce masa ƙashin fuska, amma naman da ke ciki bai ragu ba, sai ya cunkushe. Ƙofofin hancinsa matsattsu, naman ganɗarsa na can baya ya yi tsawo yana rufe maƙogwaro, bututun iskar ma siriri. To ashe minsharin nan da yarana suke yi wa dariya, har suna kwaikwayo a kan tebur, kokawa ce yake yi da numfashi, dare da rana, tun yana ɗan kwikwiyo. Wannan ne ya fi tsaya min a rai. Kullum ina jin ƙarar ta katanga, ni da nake ma'aikaciyar jinya, ban taɓa kawo komai ba saboda kowa cewa yake haka irinsu suke.

Ba haka aka same su tun asali ba. Sunan ma daga bijimi ya samo tushe, domin a da Turawan Ingila suna sakin irin waɗannan karnuka su kama bijimi a hanci, jama'a suna kallo suna caca, har majalisarsu ta haramta wasan a 1835. Karnukan wancan zamanin, kamar yadda tsofaffin zane-zane suke nunawa, sun fi waɗannan tsawon ƙafa da tsawon baki. Da wasan ya mutu sai masu kiwo suka koma gasar nuna karnuka. Suka cire masa faɗa, wannan alheri ne, amma suka yi ta zaɓen mafi guntun hanci da mafi girman kai suna haɗawa. Yau an kai ga fiye da kashi 80 cikin ɗari na haihuwarsu sai da tiyata, kan kwikwiyon ba ya iya fita da kansa.

Kwalejin likitancin dabbobi ta Royal Veterinary College da ke Landan ta fitar da bincike a 2022 cewa buldog ya ninka sauran karnuka yiwuwar kamuwa da wata cuta: ƙurajen da ke fitowa a ninkin fata, ciwon ido, matsalar numfashi. A wannan shekarar dai aka lissafa tsawon ransu ya tsaya wajen shekara 7 da 'yan watanni, alhali na karnuka gaba ɗaya a Birtaniya ya ɗan haura 11. A Norwe har kotu aka je kan ko ya halatta a ci gaba da kiwonsu, Holan kuma tun 2019 ta tsaurara doka kan kiwon karnuka masu guntun hanci. Na yi lissafi a zuciyata: in na saya wa Auta kwikwiyo yau, tana 'yar shekara goma sha uku za ta binne shi.

Da yamma yayata ta kira daga Birmingham, da na ba ta labari ta ɗauka irin karen nan ne da aka haramta. Na ce mata a'a, wancan XL Bully ne, wanda tun 1 ga Fabrairun 2024 laifi ne a mallake shi a Ingila da Wales ba tare da takardar izini ba. Na Anti daban ne. Duk da haka ban yarda a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da kowane kare ba, mai kilo 25 ko da wasa ya ture jariri ya gama.

Abin da ya fi min ciwo a mota ya faru, muna dawowa. Yaron ya yi shiru tun daga asibiti, sai can ya ce, "Umma, ni ne na jefa ƙwallon. In ya mutu ni na kashe shi?" Na tsayar da motar a gefen titi na riƙe hannunsa na ce masa ba laifinsa ba ne, ya yi abin da kowane yaro yake yi da kare. Kuma iyakar gaskiyar ke nan. Yaro gudu yake so, tsalle yake so, shi kuma wannan karen zuciyarsa tana so amma jikinsa ba zai ɗauka ba, ba kuma zai tsaya da kansa ba har sai ya faɗi. Ta wajen hali ban ga kamarsa ba, amma ba zan kawo wa yarana abokin wasan da wasan kansa zai iya kashe shi ba, kuma ba zan ba da kuɗina a ƙara haifar wani da zai rayu yana neman iska ba. Ɗakin lambun da Auta ta tsara ma ba zai yiwu ba, ba ya jure zafi, ba ya jure sanyin ƙasar nan.

Ƙarfe tara Anti ta turo saƙo. Zai kwana a asibiti, zafin ya sauka, kuma likitar ta kawo shawarar a yi masa aikin faɗaɗa hanci da rage naman ganɗa. Allah Ya sa inshorarta ta ɗauki nauyi, don 'yar fansho ce. Gobe zan dafa mata shinkafa da miya in aika yaron ya kai, ina so ya ji daga bakinta cewa ba ta riƙe shi ba.

Auta ba ta sake tayar da maganar sayen kare ba. Da nake lulluɓe ta, tambayarta ɗaya: in ya yi barci a can, wa zai duba ko yana numfashi? Na ce mata akwai masu kwana a kansa, kamar yadda nake kwana a kan majiyyatana.